Tsuntsun da Mushe Rene Ya Daina Ji

Tun da na dawo daga Faransa ban huta da tambaya ba. A shago a tambaye ni, a gidan biki a tambaye ni, ko zemi na hau, in mai babur ɗin ɗan unguwarmu Zongo ta Kwatano ne sai ya waiwayo ya ce, "Hajiya, yaya ƙasar Turawa?" To ga labarin nan, kowa ya ɗauki rabonsa, in huta da maimaitawa. Sai dai in faɗa tun yanzu, wadda ke jiran labarin manyan kantuna da dogon ƙarfen nan na Paris ta yi haƙuri. Ni ƙauye na je, kuma abin da ya fi tsaya mini a rai wani tsuntsu ne da zan iya rufewa cikin tafin hannuna.

Autata Nafisa ce ta haihu. Mijinta Abdu ɗan Jugu ne, aikin jinya yake yi a wani asibiti can gabashin ƙasar, cikin duwatsun da suke kira Vosges. Haihuwar fari, ba uwa kusa, ba uwar miji. Ni kuwa tun rasuwar Alhaji ba ni da wanda zan nemi izininsa sai shagon atamfata, shi ma na damƙa wa ƙanwata. Da biza ta fito na haɗa kaya irin na mai zuwa wankan jego: gero da kanwa, yaji, daddawa, kuka, busasshen ganyen darbejiya, turaren wuta, kilishi, man shanu, cukun Fulani da muke ce wa wagashi, har da ɗan ƙaramin turmi. A filin jirgi na Cadjèhoun mai auna kaya ya ɗaga balis ɗina, wato akwatin kayana, ya ce, "Maman, ƙaura za ki yi?" Na ce masa, "Jika zan gani."

Jirgin bai ba ni wahala ba, ban da kunnena da ya toshe. Wahalar tana duwan, wato wajen kwastan, da muka sauka. Ina tura kayana sai ga wata ma'aikaciya da kare, karen ya zo ya kafa hanci a balis ɗina ya ƙi tafiya. Ni abin da ya dame ni kada ya taɓa mini zane, ita kuma abin da ya dame ta abin da ke ciki. Aka buɗe. Ta ɗauki daddawa ta shinshina, ta kawar da kai, ta mayar. Kilishi da man shanu da wagashi kuwa ta ce nama da nono ba sa shiga ƙasarsu. Na yi mata bayani da faransancina na kasuwa cewa mai jego ce za ta ci. Ta ce ta gane, ta yi mini barka, ta jefa su cikin wani babban bokiti. Ban taɓa ganin wanda ya yi mini barka da ta'aziyya a numfashi ɗaya ba sai ita.

Abdu ya tarbe ni da wata ƙatuwar riga mai kama da bargo, muka shiga jirgin ƙasa. Na yi sallama ga mutanen da ke kusa da kujerarmu, wani ya ɗaga ido ya mayar kan wayarsa. Mutum cike da tarago amma tsit, kamar ana jiran liman ya tayar da salla. Ga ni zaune kafaɗa da kafaɗa da surukina, abin da a gida ba zai yiwu ba. Ya sayo burodi da shayi, ni na juya wajen taga na ci, shi ya juya wajen hanya ya ci. Muka canza zuwa wani ƙaramin jirgin, ƙasa ta fara tudu, sai ga itatuwa baƙi-ƙirin sun rufe duwatsu. Ganyensu kamar allura, suna ɗan kama da filawo na bakin tekunmu, amma sun fi shi duhu da cika. Sapen suke ce musu. Ashe waɗannan na roba da ake sayarwa a Kwatano lokacin Nowel, wato Kirsimeti, kwaikwayonsu aka yi.

Gidan da su Nafisa ke haya bene ne a ƙarshen gari, bayansa daji. Su suna sama, mai gidan yana ƙasa. Tsoho ne ya haura tamanin, shi kaɗai, sunansa Mushe Rene, mushen nan kuwa na faransanci ne, kamar a ce Malam. Tun ban ajiye mayafi ba Nafisa ta ja mini kunne.

"Inna, don Allah a hankali. Tsohon nan ba ya son hayaniya, kuma samun gida a garin nan wuya gare shi."

Na ce, "Ni da na zo wanka, wace hayaniya zan yi?"

Washegari na ɗauko turmi zan daka yaji. Ban yi nisa ba aka ƙwanƙwasa ƙofa. Dogon tsoho ne da sanda, gashin girarsa fari fat. Ya ce, "Madam, rufin ɗakina yana zubo mini da ƙura cikin kofi." Na ba shi haƙuri. Daga ranar a kan cinyata nake daka, na ɗora turmin bisa matashin kai.

Bayan kwana biyu na kunna gawayi na zuba turaren wuta, don ɗakin mai jego ba ya zama haka nan. Sai wani farin faifai da ke manne a rufi ya ɗauki ihu, irin ihun da ke shiga har haƙori. Jariri ya tsandara kuka, Nafisa ta hau kujera da ɗanyen jiki tana fifita abin da zane, matar gidan da ke kallonmu ta fito a guje. Muka zauna jiran tsohon ya hau ya kore mu. Shiru. Da Abdu ya dawo ya ce, "Hajiya, bai ji ba ne. In ya cire abin ƙara ji da ke kunnensa, ƙara mai kauri kaɗai yake ji. Siririya ba ta shiga."

Suna a can ba suna ba ne. A Zongo aka yanka rago, a waya muka ga taron, mu kuwa mu uku ne da jariri da wani abokin aikin Abdu. Yaro ya ci sunan Alhaji, muna ce masa Abba. Duk da haka na dafa shinkafa da miyar kaji kamar ta mutum ashirin, don hannuna bai iya kaɗan ba. Na zuba a kwano na ce zan kai wa mai gida. Nafisa ta ce a nan ba a yi. Na ce a gidanmu ana yi.

Ya buɗe ƙofa ya dubi kwanon ya dube ni, ya ce in shigo. Ɗakin tsaf, sai dai ko'ina hoton tsuntsaye, da hoton wata mata mai dariya. Ya ce matarsa ce, ta rasu. Shi kuma ma'aikacin gandun daji ne, a dajin nan na bayan gida ya ƙare ƙarfinsa. Ya ɗanɗana miyar, ya yi tari har da hawaye, ya ci gaba da ci. Da ya dawo da kwanon bai dawo da shi wayam ba, ya sa wani cuku mai warin da ya sa na yafe wa matar duwan abin da ta yi wa daddawata. Abdu ne ya cinye.

Wata safiya ina shanya kayan Abba a bayan gida, kusa da wani babban sapen, tsohon yana zaune a benci yana shan hantsi. Wani sauti ya dame ni, siriri ƙwarai, yana juyawa yana juyawa kamar keken ɗinkin da ya rasa mai, sai ya ƙare da ɗan karkaɗawa, ya huta, ya sake. Na ce, "Mushe Rene, gyare ne wannan da hantsi haka, ko wani injin ne ya lalace?"

Ya ce, "Wane sauti?"

Na kwaikwaya masa da bakina yadda na iya. Sai na ga tsoho ya miƙe ba tare da ya nemi sandarsa ba.

"Kina jin sa? Yanzu haka?"

"Ga shi ma ya sake."

"Ta ina?"

Na nuna masa wajen wani reshe a sama ta hagu. Ya shiga ɗaki da sauri ya fito da madubin hangen nesa. Ya daɗe yana dubawa. Can ya ce, "Yana nan. Ashe yana nan." Ya miƙo mini madubin. Da farko ganye kawai nake gani, sai sama, sai gashin idona. Ya gyara mini, ya ce in daina neman tsuntsu, in nemi inda allurar ganye ke motsi alhali babu iska.

Sai na gan shi. Ɗan dunƙule ne kamar lemon tsami, bayansa kore-kore mai duhu, cikinsa fari-fari, da ratsi biyu masu haske a fiffike. Bakinsa siriri kamar tsinken sakace. Idonsa baƙi a tsakiyar fuska fayau, kamar yaron da aka tasa daga barci. A tsakar kansa kuma zane ɗaya ruwan ɗorawa, an yi masa baki da baƙi hagu da dama. Shekara da shekaru ina sayar da atamfa, ban ga wanda ya zauna da launi kamar wannan ba. Ba ya tsayawa wuri ɗaya. Ya rataya kai ƙasa, ya tsinci wani abu, ya tsaya cak a iska yana kaɗa fiffike, ya koma wani reshen.

Tsohon ya ce sunansa da faransanci ma'anarsa ɗan ƙaramin sarki, saboda wannan zanen na kai. Ya ce duk ƙasashensu babu tsuntsun da ya kai shi ƙanƙanta, nauyinsa bai kai na dabino ɗaya ba. Ƙananan ƙwari da gizo-gizo yake ci a tsakanin allurar ganye, kuma da sanyi in ya yini bai ci ba, ba lallai ya kwana ba. Ya koma benci ya zauna. Ya ce, "Muryarsa ita ce farkon abin da tsufa ke ɗauke wa mutum. Wannan abin da likita ya sa mini yana kawo maganar mutane, ba ya kawo shi. Wanda kuwa ba ya jin sa ba ya ganin sa, don bai san inda zai duba ba. Na ɗauka sun bar itacen nan tuntuni."

Sannan ya ce, "Madam, za ki raka ni daji?"

A nan ne na san sauran labarin. Da sanyin da ya wuce ya faɗi a dajin, ya daɗe a kwance kafin wani mai yawo da kare ya tsince shi. Ɗansa da ke Lyon ya sa shi ya yi alkawarin ba zai ƙara shiga shi kaɗai ba, yana kuma neman masa wuri a gidan tsofaffi. In hakan ta faru za a sayar da gidan, su Nafisa su nemi wani.

Na shawarci Abdu, don ko tsoho ya haife ni, ba na shiga daji da namiji mu biyu. Abdu ya ce duk ranar da ba ya aiki zai bi mu. Haka aka yi. Tsoho a gaba da sanda, ni a tsakiya cikin takalman roba na marigayiya matarsa da zanena a ɗaure sama, Abdu a baya yana hamma don ya kwana aiki. Ranar farko santsi ya kwashe ni na zauna daɓas cikin taɓo. Abdu ya rasa yadda zai yi, ya kama surukarsa ko ya kawar da kai. Tsohon ne ya miƙo mini sanda.

Aikinmu a rabe yake. Ni in ji, in ɗaga hannu in nuna, shi ya nemo da madubi. In ya samu sai ya ba ni, ya ce in faɗa masa abin da na gani kafin ya faɗa mini. Da haka na koyi raba namiji da mace: zanen kan macen ruwan ɗorawa ne zalla, na namijin kuwa in ya fusata ya buɗe shi sai ka ga jan lemo a tsakiya kamar garwashi. Wata rana na nuna masa wani da murna, ya duba ya ce, "Sake dubawa." Na ce ai shi ne. Ya ce, "Dubi idon." Sai na ga wannan yana da farar gira da baƙin zane ya ratsa idonsa. Na ce, "Wannan ya sa kwalli." Da na bayyana masa mene ne kwalli ya yi dariya har ya dafa itace. Ya ce ɗan'uwansa ne, amma dabam suke, kuma in na saurara da kyau kukansu ma ba ɗaya ba ne. Gaskiyarsa. Mai kwalli sauti ɗaya yake ja yana ƙara sauri yana hawa, namu kuwa juyawa yake yi. Daga ranar ba sai na ɗaga madubi ba, sai in ce masa "mai kwalli" ko "namu".

Ba mu da wata hira mai tsawo. Ya tambaye ni ko muna da tsuntsaye a Kwatano, na ce muna da su mana, amma ban taɓa tsayawa na dube su ba in ba tattabarun Alhaji ba. Na ji kunyar faɗin haka kaɗan. Ni kuma na tambaye shi me ya sa mutanen garin ba sa gaisawa a jirgi amma in an haɗu a daji kowa sai ya ce bonjur. Ya ce shi ma bai taɓa lura ba.

Ana gab da arba'in ɗin Nafisa muka sami sheƙa. Na lura kukan yana yawan fitowa daga itace ɗaya, muka zauna a kan wani kututture muna jira. Sai ga macen da abu a baki, ta shige ƙarƙashin wani reshe mai saukowa. Tsohon ya bi ta da madubi. Ɗan ƙoƙo ne na gansakuka, an ɗinke shi da saƙar gizo-gizo, yana rataye a ƙarƙashin reshen, in ba an nuna maka ba ko shekara ka yi ba za ka gani ba. Ya ce rabonsa da ganin sheƙar tun matarsa na da rai, ita ce mai kunnen. Abdu ya cire hularsa ya mayar.

A makon nan ɗan tsohon ya zo daga Lyon. Na ɗauka zan ga wani mara imani, har na shirya maganar da zan faɗa masa. Sai na ga mutum mai furfura shi ma, da gajiya a fuska. Na ce masa, "A wurinmu ba a kai uba gidan baƙi. Ko ɗaki ɗaya gare ka, nan zai ƙarasa."

Bai ji haushi ba. Ya ce, "Madam, na roƙe shi ya dawo wurina ya ƙi. Ina hawa na biyar, ba itace ko ɗaya. Ni da matata muna fita tun safe. In ya faɗi a can wa zai gan shi? A wurinku in kin fita, mutum nawa ke cikin gida?"

Na fara lissafa mutanen gidanmu na Zongo a zuci, na bari. Ban ce ya yi daidai ba. Na zuba masa abinci.

Ana jibi zan taso muka yi fitar ƙarshe. Garin ya yi luf, hazo ya sauko, ga iska mai sanyi. Muka kai kututturen nan muka zauna. Na kasa kunne, babu komai sai ɗigar ruwa daga ganye. Tsohon yana kallon fuskata, don a nan yake karanta dajin. Muka daɗe.

Ya ce, "Yana yi?"

Wallahi sai da eh ta zo bakina. Ba zai taɓa sani ba. In ɗaga hannu in nuna wani reshe, ya duba bai gani ba, ya ce ya tashi, mu koma gida da daɗin rai. Na dube shi, hancinsa ya yi ja don sanyi, ya riƙe madubin a ƙirji.

Na ce, "A'a, Mushe Rene. Yau shiru."

Ya gyaɗa kai. Ya ce, "Na gode. Tun da na kurumce kowa eh yake ce mini."

Muka ƙara zama kaɗan, sanyi ya kore mu. A hanya ya riƙe hannun Abdu, abin da bai taɓa yarda ya yi ba.

Dawowa ba ta da labari. Balis ɗina ya yi sauƙi, turmin ma na bar wa Nafisa. Da aka buɗe ƙofar jirgi a Cadjèhoun zafi ya rungume ni, na cire rigar bargon nan tun a kan matakala. Kafin mu kai Zongo an yi mini sannu da zuwa ta tagar mota ya fi a ƙirga.

Da sanyinsu ya kama, tsohon ya koma gidan tsofaffin, a wani gari kusa. An sa gidan a kasuwa, su Nafisa sun sami wani kusa da asibiti, ya fi ƙanƙanta amma ba laifi. Nafisa ta ce ɗakuna biyu aka nuna masa, ya bar babban ya ɗauki wanda tagarsa ke kallon wani sapen a tsakar gida.

Ranar Lahadin da ta wuce ta kira ni. Ta ce sun je gaishe shi da Abba, da za su tafi ta tsaya a gindin itacen tana gyara goyo, sai ta ji wani abu siriri a sama.

Na ce, "Juyawa yake ko hawa yake?"

Ta ce, "Inna, ni ina na sani? Na dai ɗaga hannu na nuna. Tsohon yana bakin taga da madubinsa."

"Ya gani?"

Ta ce, "Har muka kai bakin ƙofar fita bai sauke madubin ba."